Wane ne Marcus Samuel, Bayahuden da ya kafa kamfanin Shell?

Tambaya: Malam, a wata hira na ji wani ya ce Bayahude mai banki ne ya kafa kamfanin mai na Shell, wani kuma ya ce a'a, mai jiragen ruwa ne, kuma gidan Rothschild ne suka ɗaure masa gindi. An ce ya yi ta kyauta da dukiyarsa. Wane ne shi, kuma yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, mutanen nan biyu kowa gefe guda ya kama na mutum ɗaya. Sunansa Marcus Samuel, wanda daga baya aka yi wa sarautar Lord Bearsted. An haife shi a Landan ranar 5 ga Nuwamba 1853, ya rasu ranar 17 ga Janairu 1927. Yana da banki, yana da jirage, ya kuma yi kyauta. Amma in aka ce in ba shi suna ɗaya, ni farke zan kira shi. Abin da ya fi kowa ganewa a zamaninsa shi ne yadda ake kwasar kaya daga inda suke da arha a kai su inda ake nemansu da ƙaramin kashe kuɗi. Wannan ya ɗaga shi. Shi ne kuma ya kai shi ga rasa ragamar kamfanin da ya kafa tun yana raye, domin mai jirgi da ba shi da rijiyar mai kullum a hannun wani yake.

A Whitechapel aka haife shi, a gabashin Landan, unguwar talakawa da baƙi kusa da tashar jiragen ruwa. Mahaifinsa, wanda shi ma Marcus Samuel ne sunansa, ya fara ne da sayen tarkacen da ma'aikatan jirgi ke dawowa da su daga ƙasashen gabas, musamman katantanwar teku. Ana manna ta a jikin ƙananan akwatuna, a sayar wa masu zuwa shan iska a bakin teku su kai tsaraba gida. A hankali ya faɗaɗa zuwa shigo da kaya iri-iri daga Asiya. Gidan yana da rufin asiri, amma ba ya cikin manyan gidajen Yahudawan Landan irin su Rothschild da Montefiore, waɗanda suka daɗe da kuɗi suna kuma auratayya a tsakaninsu. Ka riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba. Ka kuma riƙe cewa Marcus bai cika shekara biyar ba lokacin da, a 1858, aka fara barin Bayahude ya zauna a majalisar dokokin Birtaniya ba tare da ya yi rantsuwa irin ta Kirista ba. Ya tashi ne a lokacin da ƙofa ta fara buɗuwa, ba ta gama ba.

Ya yi ɗan karatu a Edmonton da Brasels, ya shiga shagon mahaifinsa yana ɗan shekara 16. Bayan rasuwar tsohon, shi da ƙanensa Samuel Samuel suka raba aiki. Marcus ya zauna a Landan, ƙanen ya tafi Yokohama ya buɗe reshe a 1878, daidai lokacin da Japan ta buɗe ƙofa tana haɗiyar duk wani abin zamani. Suna kai mata injuna da yadi daga Ingila, su kwaso shinkafa da siliki da tangaran da kwal.

Daga nan bankin ya samo asali, kuma ba irin wanda kake shiga ka karɓi albashi ba ne. A wancan zamani in ɗan kasuwa a Yokohama ya loda siliki zuwa Landan, kayan za su yi makonni a ruwa, mai saye kuma ba zai biya ba sai bayan wata uku ko fiye. Mai sayarwa ba zai iya zaman jira ba. Sai a rubuta takardar alkawarin biya, wani sanannen gidan kasuwanci a Landan ya sa mata hannu cewa shi ya tsaya, in ranar ta zo mai saye ya gaza shi zai biya. Da wannan sa hannun takardar ta zama tamkar kuɗi, mai ita yana iya sayar da ita nan take da ɗan ragi, gidan da ya tsaya kuma ya ɗauki ladansa. Ta haka gidajen fatauci da dama suka rikiɗe suka zama bankuna, don sun ga sunansu ya fi kayan da ke cikin sito kawo kuɗi. Gidan M. Samuel yana cikinsu. A 1897 shi ya shirya wa gwamnatin Japan rancen kimanin fam miliyan 4.5 a kasuwar Landan, daga baya ya sayar da takardun lamuni na wasu biranen ƙasar.

Duk da haka, kada ka zaci wani katafaren gini. Ofishinsu a titin Houndsditch ɗan ƙarami ne, akawuna 'yan kaɗan, bayan ofis kuma sito cike da tuluna na Japan da siliki da gashin tsuntsu da katantanwa. Jarinsu bai taka kara ya karya ba. Ƙarfinsu shi ne amanar da ke tsakaninsu da tsofaffin gidajen fatauci na Turawa, yawancinsu 'yan Sikotlan, da ke zaune a tashoshin Indiya da Singafo da Bankok da Sin. Su ke karɓar kaya, su raba, su tara kuɗi. Jirage ma da farko haya suke ɗauka.

Yanzu ga maganar mai. A shekarun 1880 babu motar kirki a duniya, abin da ake nema a ɗanyen mai shi ne kananzir na fitila. Kamfanin Standard Oil na John D. Rockefeller yana tace kusan kashi 90 cikin 100 na man Amurka, kuma shi ke cika kasuwannin Asiya da kananzir. Yana zuba shi a garwa, garwa biyu a akwatin katako ɗaya, a loda a jirgin filafilai a zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka. In wani ya kutso kasuwa ɗaya, sai Standard ya karya farashi a nan har sai mutumin ya durƙushe, ya cike gurbin asarar da ribar sauran kasuwanni. A ɗaya gefen kuma ga mai yana malala a Baku, wadda a lokacin take ƙarƙashin Rasha. 'Yan'uwan Nobel sun riƙe kasuwar cikin Rasha. Reshen gidan Rothschild na Paris, wanda ya ba da kuɗin ƙarasa layin dogo daga Baku zuwa tashar Batum a bakin Baƙin Teku a 1883, yana da kananzir jibge yana neman inda zai kai.

Wani dillalin jirage a Landan mai suna Fred Lane, wakilin Rothschild, shi ya haɗa su da Samuel. A 1890 suka je yankin tare, Samuel ya ga yadda ake zuba kananzir kai tsaye cikin jirgi ba tare da garwa ba. Ya dawo da shiri mai wuyar gaske. Zai gina jiragen dakon mai, ya bi da su ta mashigin Suwez ya rage dubban mil, ya gina manyan tankuna a tashoshin Asiya, sannan ya faɗa dukkan kasuwannin a lokaci guda, yadda Standard ba zai samu wata kasuwa lafiyayya da zai ɗebo riba ya yaƙe shi da ita ba. A 1891 ya samu yarjejeniyar shekara tara da Rothschild: shi kaɗai zai sayar da kananzir ɗinsu a gabas da Suwez. Ya tura 'ya'yan 'yar'uwarsa biyu, Mark da Joseph Abrahams, su bi tashoshi suna sayen fili suna kafa tankuna a asirce.

Babban cikas shi ne Suwez. Hukumar mashigin ba ta barin jirgin dakon mai ya wuce, don in ya kama da wuta ko ya kafe a wannan siririyar hanya, cinikin rabin duniya ya tsaya. Samuel ya ɗauki wani injiniyan jirage, Fortescue Flannery, ya zana jirgin da zai amsa kowace fargaba. An bar wa kananzir wurin kumbura idan zafin Bahar Maliya ya buge shi. An yi wa jirgin ɗakunan ruwa a ƙasa, in ya taɓa yashi a zubar da ruwan ya yi sauƙi ya taso. Abin da ya fi nuna kan ɗan kasuwa kuwa shi ne an tsara tankunan yadda za a wanke su da tururi, a loda shinkafa ko shayi ko sukari a dawowa, kada jirgi ya dawo wayam. Masu tantance jirage na Lloyd's suka amince da zanen.

Da labari ya fita, sai ga wasu lauyoyi a Landan suna rubuce-rubuce zuwa gwamnati a hana, suka kuma ƙi faɗin wanda ya ɗauke su. Kowa ya zargi Standard. Masu ƙera farantin garwa a yankin Wales suka shiga, don su abincinsu ne za a taɓa. Aka kuma jefo maganar addininsa, ana raɗe-raɗin cewa makircin Yahudawa ne. Bai yi aiki ba. Gwamnatin Birtaniya, wadda ta sayi babban kaso na hannun jarin mashigin tun 1875, ta ga jiragen nan tutarta za su ɗauka, ta ƙi sa baki. A Janairun 1892 hukumar ta ba da izini. Jirgin farko, Murex, wanda aka gina a West Hartlepool, ya tashi a Yuli, ya sha kananzir kimanin tan 4,000 a Batum, ya ratsa Suwez a ƙarshen Agustan 1892, ya sauke wani kaso a wani ɗan tsibiri kusa da Singafo, sauran a Bankok. Kowane jirgi da ya biyo baya sunan wata katantanwa aka sa masa, don tunawa da sana'ar mahaifinsu.

Sai ga matsalar da babu wanda ya hango, kuma ita ce ta fi burge ni a duk tarihin. Lissafin Samuel shi ne mai saye zai zo bakin tanki da tsohuwar garwarsa a zuba masa, tunda kananzir ya fi arha haka. Mutane suka ƙi zuwa. Ashe a Sin da Indiya da tsibiran kudu, garwar ba shara ba ce. Ana buɗe ta a daddale a rufa ɗaki, a yi kejin tsuntsu, a yi murhu, a yi matacin shayi. Duk wanda ya ga 'yan garuwa a garuruwanmu suna ɗaukar ruwa a tsohuwar garwar kananzir, biyu a sanda ɗaya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mutum yana sayen kananzir na Standard ne da garwarsa mai launin shuɗi, ya ƙone man ya ci moriyar ƙarfen. Tankunan Samuel suka cika maƙil babu mai saye, wayoyin tangarahu na kuka suka yi ta isowa Houndsditch. Nan ya nuna saurinsa. Ya yi hayar jirgi ya cika shi da farantin ƙarfe, ya aika wa wakilansa cewa kowa ya kafa ma'aikatar garwa a inda yake. Aka tambaye shi launi, ya ce ja. Cikin watanni sai ga jajayen garewani sababbi fil suna sheƙi a kasuwa, kusa da shuɗɗan Standard da suka sha bugu da tsatsa a doguwar tafiyar teku. Abin da ya so ya kashe shi ya koma talla.

Zuwa ƙarshen 1895 jiragen dakon mai sun ratsa Suwez sau 69, duka in ban da huɗu nasa ne. A tsakiyar wannan fafutika, a 1893, likita ya ce masa yana da ciwon daji, ba zai wuce wata shida ba. Ya ƙara shekara 34 a duniya. Amma tsoron ya sa ya ɗan tsara harkar, ya haɗa gidajen fataucin nan cikin ƙungiya ɗaya, wadda a Oktoban 1897 ta zama kamfanin Shell Transport and Trading. Dubi sunan da kyau: katantanwa, dako da ciniki. Babu maganar haƙo mai a ciki.

A nan raunin yake. Duk ɗigon da ke cikin jiragensa na wani ne, kuma yarjejeniyar Rothschild za ta ƙare a 1900. Ya nemi nasa a gabashin tsibirin Borniyo, ya tura Mark Abrahams, wanda bai taɓa haƙa rijiya ba, cikin kurmi da zazzaɓi. An samu mai a 1897, sai dai mai nauyi ne, ba ya ba da kananzir mai yawa. Da rijiyar Spindletop ta ɓalle a Teksas a Janairun 1901, ya yi wuf ya ƙulla yarjejeniyar shekara 21 da kamfanin Guffey, zai kwashi rabin abin da suka haƙo a kan santi 25, wato kwatan dala, kowace ganga, ya ba da odar sababbin jirage huɗu don wannan hanya. Kafin shekara biyu rijiyoyin suka ja baya saboda yawan haƙa a wuri ɗaya. Andrew Mellon, wanda gidansu ke bin Guffey kuɗi, ya zo Landan da kansa ya lallashe shi ya saki yarjejeniyar ya karɓi wata da ba ta tabbatar masa da komai ba. Jiragen nan huɗu aka mayar da su na dakon shanu.

A ƙarshen 1901 Standard ya taya Shell dala miliyan 40. Ya ƙi, kuma babban dalilinsa shi ne yana son kamfanin ya zauna na Birtaniya. Sai ya juya ga wani ƙaramin kamfanin Holan, Royal Dutch, mai rijiyoyi a Sumatara. Shugabansa Henri Deterding tsohon akawun banki ne daga Amstadam, mutum mai kan lissafi da naci, wanda ba shi da wani buri a duniya sai wannan kamfani. Suka kafa kamfanin haɗin gwiwa na sayar da mai a Asiya, Shell da Royal Dutch da Rothschild kowa kashi ɗaya cikin uku. Samuel ya karɓi kujerar shugaba, Deterding ya karɓi gudanarwar yau da kullum. Wanda ya san kasuwa ya san wanda ya ci riba a wannan rabo.

Me ya ɗauke hankalin Samuel har ya yarda? Sarauta. Tun 1891 yake dattijon majalisar tsohon birnin Landan, wato unguwar bankuna, yana wakiltar mazaɓar Portsoken. A 1895 ya sayi katafaren gidan gona na Mote a Maidstone, cikin yankin Kent. A 1898 Sarauniya Victoria ta ba shi lambar Sir, bayan jirginsa Pectan ya janyo wani jirgin yaƙin Birtaniya, Victorious, da ya kafe a bakin Suwez. A Nuwamban 1902 kuma ya zama Magajin Garin Landan, muƙami na shekara ɗaya wanda kusan kullum liyafa ce da jawabi da tarbar baƙi. Taura biyu ba ta taunuwa. Shekarar da Teksas ke rushewa, Deterding kuma ke ɗaure igiyoyinsa, Samuel yana cikin alkyabba. Fred Lane ya ajiye kujerarsa a hukumar Shell, ya rubuta masa wasiƙa mai zafi, ma'anarta ita ce irin wannan harka ba a tafiyar da ita da leƙe lokacin da mutum ya samu sarari ko da bajinta jefi-jefi, aiki ne na kullum mai gajiyarwa. Ni ina ganin Lane ya faɗi gaskiya. Amma ban ga laifin Samuel sosai ba. Ɗan mai sayar da katantanwa daga Whitechapel, wanda manyan Turawa da manyan Yahudawa duka ke kallo a matsayin sabon shiga, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ya hau keken dokin magajin gari. Ranar naɗinsa ya sa aka karkata jerin gwanon ya bi ta unguwar Yahudawa talakawa ta Portsoken, su ma su gani.

Zuwa 1906 Shell ya galabaita, Royal Dutch na ta bunƙasa. Samuel ya nemi a haɗe rabi da rabi, Deterding ya ce sam. A 1907 aka haɗe a kan kashi 60 na Royal Dutch, 40 na Shell, rabon da ya zauna haka har 2005. Samuel ya ɗauki abin a matsayin kaye, ya faɗa a fili cewa ransa bai so ba. Abin mamaki, a ƙarƙashin Deterding hannun jarinsa ya yi ta haihuwa, ya fi samun kuɗi bayan ya rasa ragama.

Wannan ya kawo mu ga maganar Rothschild. Gaskiya ne ba don kananzir ɗinsu ba da babu Murex. Gaskiya ne kuma a 1912 sun sayar wa ƙungiyar Royal Dutch da Shell dukkan harkar mansu ta Rasha aka biya su da hannun jari, suka zama cikin manyan masu kaso. Amma ɗaure gindi irin na 'yan'uwantaka, tarihin bai nuna shi ba. Mai sayarwa ne da mai saye, suna ja-in-ja a kan farashi, kuma da suka ga Deterding ya fi iya riƙe kuɗi, bayansa suka bi, suka bar ɗan addininsu. Shi kuwa Deterding, wanda ya riƙe ƙungiyar har 1936, ya ƙare rayuwarsa yana sha'awar gwamnatin Hitler. Duk mai cewa Shell shiri ne na Yahudawa sai ya yi mana bayanin wannan.

Akwai wani yaƙin da Samuel ya yi shekaru yana yi: ya shawo kan rundunar sojan ruwan Birtaniya ta bar kwal ta koma baƙin mai. Dalilinsa na kasuwa a bayyane yake, man Borniyo mai nauyi ya fi dacewa da tukunyar jirgi. Amma hujjarsa ma mai ƙarfi ce, jirgin mai ya fi gudu, ya fi nisan zango, ba ya bukatar ɗaruruwan masu shebur. Ya samu aboki a cikin rundunar, Admiral John Fisher. A Yunin 1903 aka yi gwaji a Portsmouth da jirgin yaƙi Hannibal. Da aka juya daga kwal zuwa mai, baƙin hayaƙi ya turnuƙe jirgin gaba ɗaya saboda an sa na'urar ƙonawa marar kyau, Samuel na tsaye yana kallo. Aka ajiye maganar shekaru. Da rundunar ta koma mai a zamanin da Winston Churchill yake ministan sojan ruwa, sai ladan ya tafi wani wuri. Ranar 17 ga Yuni 1914 Churchill ya nemi majalisa ta amince gwamnati ta sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin Anglo-Persian, mai haƙar mai a Farisa, a kan fam miliyan 2.2, kuma don ya ja ra'ayi sai ya zana Shell a matsayin baƙon kamfani mai matse gwamnati a farashi. Wasu 'yan majalisa a zaman suka ce wannan tsokanar Yahudawa ce. Ƙanensa Samuel Samuel, wanda ɗan majalisa ne a lokacin, ya tashi ya kare gidansu. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 254 a kan 18.

Bayan mako bakwai yaƙin duniya na farko ya ɓarke, kamfanin da aka kira baƙo ya zama babban mai kai wa Birtaniya mai. Ƙasar ta shiga ƙarancin toluwin, sinadarin da ake haɗa nakiyar TNT da shi, man Borniyo kuwa yana da shi da yawa, sai dai ma'aikatar da ke fitar da shi tana Rotadam, a Holan da ba ta shiga yaƙin ba. A farkon 1915 aka kwance ma'aikatar cikin dare, aka sa wa kowane ƙarfe lamba, aka tsallaka da ita aka sake kafawa a Portishead a yammacin Ingila. Ita da wata da aka gina daga baya suka ba da toluwin na kusan kashi 80 cikin 100 na TNT ɗin sojan Birtaniya. Gidan Samuel ya biya nasa kason da jini: mijin 'yarsa ɗaya ya mutu a 1915 daga raunin da ya samu a fagen daga na Galifoli a Turkiyya, ƙaramin ɗansa Gerald kuma aka kashe shi a Beljiyam a Yunin 1917. Murex ma jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi a Bahar Rum a 1916.

Game da kyauta, kada a zuzuta, kada kuma a rage. Bai kafa wata babbar gidauniya mai ma'aikata da tsari irin wadda Rockefeller ya kafa a 1913 ba. Tasa irin ta attajiran Landan ce na zamaninsa: asibitoci, ƙungiyoyin taimakon Yahudawa talakawa, da garin da ya zauna. Gabashin Landan a lokacin ya cika da Yahudawan da suka gudo daga kisan gilla a daular Rasha bayan 1881, suna cunkushe a ɗakuna suna ɗinki, kuma gidajen da suka riga su samu suna ɗaukar kula da su a matsayin wajibi na addini, har ma da kare mutuncin al'ummar a idon Turawa. A Maidstone ya ba da kuɗin ƙara wani sashe a gidan tarihin garin, inda aka ajiye kayan fasahar Japan da iyalin suka tara. Asibitin haihuwa na Bearsted Memorial da aka buɗe a arewacin Landan a 1947 sunansa yake ɗauke da shi, da kuɗin iyalinsa aka fara shi. Shi kuwa Gerald, kafin yaƙi, ba kuɗi kawai ya bayar ba, ya ba da lokacinsa ga ƙungiyar yara matasa marasa galihu a unguwar Stepney.

Ko akwai neman suna a ciki? Akwai mana. A Ingilar wancan lokaci kyauta tana cikin matakan da ake hawa zuwa sarauta, kuma Samuel bai taɓa ɓoye cewa yana son sarauta ba. Ya samu ta Lord a 1921, aka ɗaga darajarta a 1925. Amma akwai abu ɗaya da ya yi wanda ba na neman shiga ba ne. A al'ada magajin gari yana gayyatar dukkan jakadun ƙasashe liyafar naɗinsa. A 1902 Samuel ya ƙi gayyatar jakadan Romaniya, saboda dokokin da ƙasar ke ƙuntata wa Yahudawanta da su. Abin ya tayar da ƙura a harkar diflomasiyya, kuma Romaniya ƙasa ce mai rijiyoyin mai, wadda duk ɗan kasuwar da ke yunwar ɗanyen mai irinsa yake da dalilin lallaɓawa. A wurina wannan ya fi cak ɗin asibiti nauyi.

Ya sauka daga shugabancin Shell a 1921, babban ɗansa Walter ya gaje shi har 1946. Matarsa Fanny, wadda ya aura a 1881, ta rasu a Janairun 1927, shi ma ya bi ta kafin a yi awa 24. Walter ya yi aiki sosai wajen fitar da Yahudawa daga Jamus a shekarun 1930, ya kuma bar wa ƙasa gidansa na Upton da zane-zanen da ke ciki a 1948. Bankin M. Samuel ya ci gaba, a 1965 ya haɗe da wani ya zama Hill Samuel, bankin TSB ya saye shi a 1987, daga nan ya narke cikin bankin Lloyds.

Samuel bai ga zuwan kamfaninsa neman mai a Nijeriya ba. Sai a ƙarshen shekarun 1930, fiye da shekara goma bayan rasuwarsa, gwamnatin mulkin mallaka ta ba da lasisin bincike ga Shell D'Arcy. Abokin tarayyar Shell a wannan kamfani kuwa ba kowa ba ne illa reshen Anglo-Persian ɗin nan da Churchill ya ɗaga don ya taka wa Samuel birki, wanda daga baya ya zama BP. Tare suka samu mai a Oloibiri a 1956, suka fara fitar da shi a 1958, suka ci gaba da sunan Shell-BP har 1979, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace kason BP.